Kifin Malam-Buɗe-Littafi Mai Bulala: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa ganin hoton kifayen teku masu launi a fuskar waya ko a kalanda, da wuya a ce bai ga wannan kifin ba, ko da bai san sunansa ba. Fari ne daga gaba, ruwan ɗorawa daga baya, da baƙin layi da ya ratsa idonsa. Masana suna kiransa Chaetodon auriga. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa da kuma danginsa.

Wane irin kifi ne, kuma me ya haɗa kifi da malam-buɗe-littafi?

Babu wata dangantaka ta jini, kamanni ne kawai. Kifin shafal yake kamar faifai, yana da launuka masu ɗaukar ido, kuma ba ya tafiya ɗoɗar irin ta sauran kifaye. Sai ya tsaya a kan wannan dutse ya ɗan tsattsaga, ya juya, ya koma wancan, tamkar yadda malam-buɗe-littafi yake yi a kan furanni da damina. Daga nan sunan ya samo asali a harsuna da yawa.

Danginsa babba ne. Ana kiran gidan nasu Chaetodontidae, kuma akwai iri kusan 130 a cikinsa, mafi yawansu a Tekun Indiya da Tekun Fasifik. Sunan daga Girkanci yake, an haɗa kalmar gashi da kalmar haƙori, saboda haƙoransu sirara ne a jere kamar tsinken buroshi. Wanda muke magana a kai yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya, shi ya sa ya dace a fara sanin dangin ta kansa.

Yaya kamanninsa suke idan aka dube shi da kyau?

Iyakar girmansa santimita 23 ne, wato kamar taƙi ɗaya na babban mutum, amma yawancin waɗanda ake gani ba su kai haka ba. Idan ka dube shi ta gefe yana da faɗi, idan ya fuskanto ka sai ya kusa ɓacewa don sirantaka. Bakinsa ƙarami ne, ya ɗan yi tsini.

Abin da ya fi burge ni a jikinsa shi ne zanen. A kan farin akwai layuka masu duhu kashi biyu. Kashi na farko sun taso daga wajen kai sun haura sama, na biyu kuma sun gangaro ta ɗaya fuskar, suka haɗu da na farko a kusurwa, kamar saƙar tabarma da aka fara ta gefe biyu. Daga tsakiyar jiki zuwa wutsiya launin yana rikiɗa ya koma ruwan ɗorawa. Sai baƙin layi mai kauri da ya sauko ta kan ido, kamar wadda ta rangaɗa kwalli hannunta ya zarce. A ƙarshen fiffiken bayansa akwai wani siririn zare da yake jan sa a ruwa, wanda ba ya fitowa sai kifin ya girma. Kusa da gindin zaren akwai baƙin ɗigo mai kama da ido.

Mace da namiji kamanninsu ɗaya. Ko wanda ya daɗe yana kallon su ba zai iya rarrabewa da ido ba.

Layin ido da ɗigon baya ado ne kawai, ko suna da amfani?

A wurin da kowa ke neman cin kowa, ba a yin ado don banza. Kifin da ke farauta yana auna kai ne, kuma ido shi ne alamar da ke nuna masa inda kai yake da kuma inda abin farautar zai nufa idan ya zabura. Baƙin layin yana ɓoye idon gaske. Ɗigon da ke baya kuwa yana kama da ido a wurin da babu kai. Bayanin da masana suka fi yi shi ne, maharin yakan kai sara ta baya, ko ya tare gaba a inda yake zaton gaba ne, shi kuwa kifin ya tsere ta ɗaya ɓangaren. Asarar ɗan fiffike ta fi asarar kai sauƙi.

Bayan wannan dabara akwai makami. Fiffiken bayansa yana da ƙayoyi masu tsini, 12 ko 13. Idan aka matsa masa sai ya sunkuyar da kai ya miƙar da su wajen abokin gaba. Duk wanda ƙayar karfasa ta taɓa soka a hannu ya san abin da ake nufi.

Wani abin lura: waɗanda ke Bahar Maliya, manyansu ba su da wannan ɗigo na baya, alhali 'yan'uwansu na Tekun Indiya da Fasifik suna da shi. Saboda haka wasu masana suke raba su gida biyu a ƙarƙashin suna ɗaya.

Wa ya raɗa masa suna?

Wani masanin halittu ne mai suna Peter Forsskål, ɗalibin Linnaeus. Shi Linnaeus ɗin ne ya kafa tsarin ba halittu suna biyu-biyu na Latin. A 1761 Sarkin Denmak ya tura tawagar mutum shida zuwa Masar da ƙasar Larabawa don bincike, Forsskål yana cikinsu. Sun bi Bahar Maliya ta Jidda har Yaman, yana tattara kifaye da tsirrai yana rubuta bayaninsu, har da sunayen da Larabawa ke kiran su da su. Bai koma gida ba, zazzaɓi ya kashe shi a garin Yarim na Yaman a 1763. A cikin su shidan, Carsten Niebuhr kaɗai ya tsira, shi ne kuma ya buga rubuce-rubucen abokin tafiyarsa a 1775. Shi ya sa za ka ga ana rubuta sunan kifin tare da shekarar da mai raɗa sunan ya riga ya shekara 12 a kabari.

Kalmar auriga kuwa a Latin tana nufin mai tuƙa keken doki. Zaren nan na bayansa ne ya yi kama da bulala.

A ina yake zama?

Daga Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Gabas, ya bi Tekun Indiya gaba ɗaya, ya wuce Indunusiya da Filifin, har tsibiran Hawai a tsakiyar Fasifik. Ta arewa ya kai kudancin Jafan, ta kudu ya kai tsibirin Lord Howe a gabashin Ostareliya. Ba ya son zurfi. An fi samun sa daga mita ɗaya zuwa kamar mita 30, inda hasken rana ke kaiwa kuma ruwan yake da ɗumi.

Ainihin gidansa shi ne tsaunin murjani, amma ba shi da tsirfa kamar wasu 'yan'uwansa. Ana ganin sa a wuraren da murjani ya karye ya zama tsakuwa, da inda ciyawar teku ta rufe duwatsu, da cikin ruwa mai kwanciya tsakanin tsaunin da gaɓa. Wannan rashin zaɓe yana cikin dalilan da suka sa ya cika rabin duniya.

Murjanin nan, shi ne wanda mata ke sawa a wuya?

Dangi ne, amma ba shi ba ne. Jan murjani na ado, mai tsada, asalinsa daga Bahar Rum ake ciro shi, kuma ba ya gina tsauni. Wanda kifin ke zama a cikinsa wani iri ne daban.

Mutane da yawa suna ɗauka murjani dutse ne ko tsiro. Dabba ce. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu taushi, kowace da baki da 'yan hannuwa kewaye da shi, suna zaune dubbai a manne da juna. Kowace tana gina wa kanta ɗan ɗaki na alli. Idan ta mutu ɗakin yana nan, na baya su ɗora nasu a kai. A haka, cikin dubban shekaru, ake samun tsauni a ƙarƙashin ruwa. Mafi girma a duniya yana arewa maso gabashin Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300.

A cikin naman waɗannan halittu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke sarrafa hasken rana ta samar da abinci, ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka, ita ce kuma ke ba murjani launi. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Akwai shi a tekun Legas ko na Gana?

Shi wannan babu shi a Tekun Atilantika ko kaɗan. Amma yana da 'yan'uwa a gaɓar Afirka ta Yamma, kamar Chaetodon robustus da Chaetodon hoefleri, masu faffaɗan layuka a tsaye, waɗanda ke zama a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa. Ba su da yawan iri kamar na gabas, kuma dalilin a fili yake: yankinmu ba shi da manyan tsaunukan murjani. Kogin Kwara da Bolta da Kwango suna zuba ruwan daɗi da laka mai yawa a teku, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasa a wasu watanni. Murjani kuwa yana son ruwa garai-garai, mai gishiri, mai ɗumi. Bahar Maliya ta samu duka ukun, domin babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke shiga cikinta, kuma gishirinta ya kai kashi 40 cikin 1,000, alhali matsakaicin na sauran tekuna 35 ne.

Kada a rikita shi da wani ɗan kifi na ruwan daɗi da ake samu a kudancin Najeriya da Kamaru da yankin Kwango, wanda shi ma Turawa suke kira da sunan malam-buɗe-littafi. Sunansa na kimiyya Pantodon buchholzi. Launin ƙasa ne da shi, yana shawagi a saman ruwa yana cafke ƙwari, fikafikansa na gefe ne suka yi faɗi. Suna kawai suka haɗa.

Me yake ci?

Ɗan tsince-tsince ne. Yana cin tsutsotsin teku masu zama a ramuka, da gansakuka, da halittun murjanin kansu, da wata dabba mai taushi mai kama da fure da ke manne a dutse. Ba haɗiye abu yake yi gaba ɗaya ba, yana yagar ɗan guntu ne da haƙoran nan nasa masu kama da buroshi, ya matsa gaba. Wuni guda yake yi yana wannan aiki, tun fitowar rana har faɗuwarta.

A nan dangin suka rabu. Akwai masu cin komai irinsa. Akwai masu dogon baki kamar hantsaki, irin su Forcipiger, da ke zura baki cikin tsaguwar da wani kifi ba zai kai ba. Akwai masu tashi sama a garke suna tsintar ƙananan halittun da ruwa ke kawowa. Sannan akwai waɗanda ba su cin komai sai murjani mai rai. Mafi tsanani a cikinsu shi ne Chaetodon trifascialis, wanda kusan duk abincinsa daga murjani mai kama da teburi na gidan Acropora yake fitowa. In wannan murjani ya mutu, shi ma kwanansa ya ƙare.

Da gaske ne namiji mace ɗaya yake riƙewa har mutuwa?

Da gaske ne cewa bibbiyu ake yawan ganin su, kuma a iri da dama na dangin an bi ma'aurata an ga suna tare shekara da shekaru. Suna kiwo kusa da juna, in ɗaya ya yi nisa ɗayan ya bi shi, in sun rabu suka sake haɗuwa sai su zagaya juna kamar masu gaisawa. Masu son labarin soyayya sun samu abin faɗa a nan, amma ni ina ganin lissafi ya fi soyayya yawa a ciki. Biyu sun fi ɗaya iya tsare wurin kiwo, kuma yayin da ɗaya ya sunkuya yana ci, ɗayan yana iya hango abin da ke tahowa. Idan ɗaya ya mutu, wanda ya rage ba ya daɗewa yake samun wani.

Ba kuma kullum bibbiyu ba. Mai bulala wani lokaci shi kaɗai ake ganin sa, wani lokaci kuma a ƙaramin garke.

Yaya suke hayayyafa?

Wajen magariba ma'auratan sukan tashi sama kaɗan daga kan tsaunin, mace ta saki ƙwai, namiji ya saki maniyyi, shi ke nan. Babu sheƙa, babu gadi. Wanda ya saba da karfasa, wadda wasu irinta ke ɗaukar 'ya'ya a baki don kare su, zai ga abin kamar sakaci. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, ba su kai milimita ɗaya ba, suna da ɗigon mai a ciki da ke sa su taso saman ruwa. Cikin kwana ɗaya ko ɗaya da 'yan awoyi sun ƙyanƙyashe.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ban mamaki. Ɗan kifin yana shiga wani mataki da ake kira tholichthys, inda faranti na ƙashi suke rufe masa kai kamar kwalkwalin mayaƙi, wasu har da ƙahonni. Ba ya kama da iyayensa ko kaɗan, har masanan farko suka ɗauka wani kifi ne daban suka ba shi wannan suna. A haka yake yawo a buɗaɗɗen teku makonni da dama, igiyar ruwa tana kai shi inda ta ga dama. Mafi yawansu a nan ake cinye su. Wanda ya tsira ya dace da tsauni sai ya sauka, kwalkwalin ya ɓace, launi ya fito. Wannan doguwar tafiya ta ƙuruciya ita ta sa kifin da babbansa ba ya nisa da gida ya kasance a Jidda kuma a Hawai.

Da dare ina yake shiga?

Cikin tsaguwar murjani. Sirantakar jikinsa a nan take yi masa rana, domin yana shigewa inda babban kifi ba zai bi shi ba. Da yawa daga cikin dangin launinsu yana dusashewa ko ya yi duhu da dare, da safe ya dawo.

An ce suna yin sauti. Kifi yana magana?

Ba magana ba, amma suna fitar da 'yan sautuka gajeru, musamman lokacin kore baƙo daga wurin kiwo ko tsakanin ma'aurata. Kifayen gidan Chaetodon suna da wata halitta ta daban: jakar iskar da ke cikinsu tana da 'yan ƙahonni biyu ta gaba da suka kusanci layin jijiyar da ke gefen jiki, wanda kifi ke jin motsin ruwa da shi. Masana suna danganta wannan haɗi da yadda suke jin sautin juna a wuri mai hayaniya, domin tsaunin murjani ba shiru gare shi ba. Ƙarar jatan lande kaɗai ta isa ta cika kunne.

Me ya sa masu bincike ke ƙirga su idan suna duba lafiyar teku?

Mu koma kan gansakukar nan da ke cikin murjani. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba a lokacin bazara da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, murjani yakan kori gansakukar. Sai ya koma fari fat, ga shi da rai amma yunwa na cin sa. In ruwa ya huce da wuri yana iya farfaɗowa, in bai huce ba ya mutu. Wannan ya faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan ya sake farawa a 2023.

Kifayen da ba su cin komai sai murjani su ne na farko da abin ke nunawa a jikinsu. Ga su da sauƙin ganewa, ga su ba sa barin wurinsu, ko ɗan koyo yana iya ƙirga su. Shi ya sa ƙungiyar Reef Check, mai bibiyar lafiyar tsaunukan murjani, ta sa su cikin kifayen da masu nutso na sa-kai suke ƙirgawa. Ba ma sai sun ragu ba, halinsu yana canzawa tun kafin nan. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda ya kwatanta halinsu kafin farin murjani na 2016 da bayansa, ya gano faɗan da suke yi kan wurin kiwo ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Gonar da babu amfani a cikinta, wa zai ɓata ƙarfinsa wajen gadinta?

Mai bulala dai yana cikin masu sa'a, tunda yana da abin ci ko murjani ya lalace. Hukumar IUCN, mai lura da halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a duniya, ta sa shi a sahun waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Don haka ganin sa shi kaɗai a wuri ba shaida ba ce cewa wurin lafiya lau yake. Wanda ake nema shi ne mai tsirfar.

Ana cin sa?

Kifi ne kamar kowane kifi, kuma a wasu tsibirai masunta ba sa yar da shi idan ya faɗa koma. Amma babu wani nama a jikinsa, ƙaya ce da fata. Kuɗinsa yana wajen masu sayen sa da rai.

Zan iya kiwon sa a gida cikin tankin gilashi?

A cikin danginsa yana cikin masu sauƙin riƙewa, tunda yana karɓar abinci iri-iri. Amma sauƙin nan a ma'aunin kifin teku ne, ba a ma'aunin tarwaɗa ba. Yana bukatar babban tanki na lita ɗaruruwa, da ruwan da aka haɗa da gishirin teku na musamman, ba gishirin miya ba. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, injin tace ruwa da na iska su yi aiki dare da rana. A garin da wuta ke ɗaukewa ta wuni, kuma ɗaki ke zama tanda a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. In ka sa shi tare da murjani mai rai kuma, cinye shi zai yi.

Akwai wani abin da mai saye ya kamata ya sani. Kusan duk waɗanda ke kasuwa daga teku aka kamo su, saboda matakin kwalkwalin nan yana da wuyar reno a tanki. A wasu wurare na Filifin da Indunusiya an daɗe ana fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifi ya suma a ɗauke shi, duk da doka ta hana. Gubar tana kashe murjanin, kifin ma sau da yawa ba ya daɗewa a hannun wanda ya saya. Masu cin murjani zalla kuwa, sayen su zalunci ne kawai, domin yunwa ce ke kashe su a tanki. Shawarata ga mai sha'awa a ƙasarmu, ya fara da kifin ruwan daɗi.

To a ina mutum zai gan shi da idonsa?

Wuri mafi kusa da mu shi ne Bahar Maliya, tekun da kakanninmu suka riƙa tsallakawa daga Suwakin zuwa Jidda a hanyar aikin hajji. Tsaunin murjani ya bi gaɓarta ta ɓangarorin biyu. A Sudan akwai Sanganeb, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, a arewa maso gabashin Fot Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 tare da yankin ruwan Dungonab da ke arewa da shi, sai dai yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a 2023 ya sa zuwa can ya yi wuya. A Masar akwai Hurgada da Sharm el-Sheikh. A Afirka ta Gabas akwai Zanzibar da gaɓar Kenya.

Ba sai ka iya nutso da tukunyar iska ba. Gilashin fuska da bututun numfashi sun isa, tunda a ruwa mara zurfi yake kiwo. Ka je da hantsi, ka kwanta a saman ruwa ka daina motsi, kada ka taka murjani ko ka taɓa shi, yana yanka kuma yana karyewa. A Bahar Maliya za ka gan shi tare da 'yan'uwan da ba a samun su sai a wannan yanki, kamar Chaetodon semilarvatus, wanda jikinsa duka ruwan ɗorawa ne da shuɗin tabo a kumatu, yana tsaye cik a ƙarƙashin teburin murjani tare da abokin zamansa. Idan mai bulala ya gifta, ka dubi ƙarshen fiffiken bayansa. A Zanzibar za ka ga baƙin ɗigon, a Jidda ba za ka gan shi ba.